Askar Baba Nata'ala

Ni da Gide ramin kaciyarmu ɗaya, kuma a 'Yargoje wannan ya fi wani zumuncin ƙarfi. Wanda ya gan ka zaune tsirara a bakin rami, majina ta haɗu da hawaye, kana kiran uwarka da iyakar muryarka, ba ka da sauran fankamar da za ka yi masa har ku tsufa. Mu bakwai aka yi wa a shekarar, bayan an gama kai amfanin gona gida, a bayan zauren kakan Gide. Baba Nata'ala ne ya yi aikin, don shi ne wanzamin gidajenmu, kamar yadda ubansa ya kasance wanzamin iyayenmu. Shi ya aske mu ranar suna, shi ya cire mana beli, kuma kowace kaka akwai daminsa a kowane gida, ko an yi haihuwa ko ba a yi ba.

Mu shida muka warke lafiya, muna kwance da kara tsakanin gwiwoyi, ana ta yanka mana kaji. Gide ne nasa ya zo da gardama. Ranar wanki Baba Nata'ala ya duba ya ce fata ta yi saura, sai an gyara. Aka sake kama Gide aka zaunar da shi, ya yi ihun da har masu ɗiban ruwa a rafi suka ji. Ya zubar da jini sosai, ya kuma daɗe a kwance bayan mu mun ɗaura bante mun fita yawo. Daga nan muka sa masa Mai-biyu, sunan ya bi shi har ya yi gemu. Abin tsokana ne kawai a wurinmu, ban taɓa zaton zai zame masa ƙaya a zuciya ba.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya rikice. Ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji, kowane malamin firamare ya sayi babur, har wanda bai iya hawa ba yana tura nasa zuwa makaranta don a gani. Samari suka jingine fartanya suka tafi leburancin titi. Ni dai na tsaya a gonata da kekena na ɗinki, ba don na fi kowa wayo ba, tsoron mota ne ya riƙe ni. Gide kuwa ya bi wani Alhaji na Ƙanƙara a matsayin yaron mota, kafin ka ce kwabo ya zama direban gingimari. Ya kwashi auduga ya kai Funtua, ya gangara Ikko ya ɗauko siminti, ya juya ya sake komawa. Ya rufa wa matarsa ɗaki da kwano, ya sayo mata gadon ƙarfe mai rumfa da rediyo mai jakar fata.

Matar tasa Barakatu ce, 'yar Damari ta ƙasar Sabuwa. A wurin wani biki ya gan ta tana sayar da ƙuliƙuli, ya saye tiren gaba ɗaya alhali haƙorinsa na ciwo, mu muka cinye. Mace ce mai dariya da ƙarfi, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, in ta yi dariya har akuyata sai ta ɗaga kai. Ta haifa masa uku: Saudatu, da Abdulƙarim, da 'yar auta Adama. In motarsa ta dawo daga kudu, tun daga bakin gari yake danna oda, ita kuma ta san kukan odarsa a cikin na kowa, kafin ya kashe inji ta ɗora ruwan wanka.

Hanya ba ta ba da komai kyauta. Gide ba ya barci, yana haɗiyar ƙwayar nan da direbobi ke sha don ido ya bushe, yana kora ta da kofi, ruwa kuwa ya daina sha sai lemon kwalba. Ya yi tumbi, wuya ya yi kauri, mutane suna cewa hutu ya karɓe shi. Ni ma haka na ce.

Abin da na fara lura da shi odar ce ta daina kuka. Sai ka tashi ka ji an ce an ga motar Gide a tashar Ƙanƙara tun jiya, a can ya kwana a kan kujerar direba, ga gidansa nan kusa. In ya shigo gari, da rana yake shigowa, ya ajiye buhun shinkafa da atamfa, ya shafa kan yara, kafin la'asar ya ce Alhaji na nemansa. Gari kuwa ba ya rasa bayani. Aka ce ya ajiye wata a Funtua, wasu suka ce 'yar kudu ce, har da masu rantsuwa sun gan ta da gajeren siket.

Barakatu ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙin kallo. Gyara ta shiga yi. Matata Fatsuma ce take ba ni labari: yau ta ƙunsa lalle, gobe ta sake kitso, ta sayi turaren wuta na 'yan Barno, ta daina yin ƙuliƙuli don kada ta riƙa ƙaurin mai. Wata rana ta kama hannun Fatsuma ta ja ta ɗaki, ta ce don Allah ta shinshina ta ta faɗa mata gaskiya, ko akwai wani wari da ita ba ta ji. Fatsuma ta dawo gida tana hawaye. Da damina ta ja baya, Barakatu ta goya Adama, ta bar manyan wurin uwar Gide, ta ce za ta je ganin gida. Aka yanke gero ba ta dawo ba, shi kuma bai je biko ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na same shi a gulbi yana wanke mota shi kaɗai, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce masa ɗan taƙama, na ce siminti ya shiga kansa ya daskare, na ce mace irin Barakatu ko da fitila ya nema ba zai samu ba. Shi kuwa yana ta goga taya ɗaya da ta riga ta fita. Sai da na gaji don kaina, sannan ya ajiye tsumman ya zauna a kan dutse, ya ba ni baya.

"Sha'ibu, babu wata mace," ya ce. "Ni ne na mutu. Abin ga ya kwanta, ya hi shekara bai tashi ba."

Na rasa inda zan sa idona. Na zauna kusa da shi, muna kallon ruwa, ya yi ta magana a hankali. Babu abin da bai gwada ba. Ya sha gagai har bakinsa ya yi ɗaci, ya sha rubutu, ya sha maganin basir na kwalba da na ƙulli, wani a Ikko ya sayar masa da wani mai da ya kusa sale masa fata. Sau biyu ya je wa Barakatu da ƙarfin gwiwa ya dawo da kunya, daga nan ya kasa sake shiga ɗakin. Ya ce gara ya kwana a mota sauro ya cinye shi da ya kwanta kusa da ita yana jin tana jira.

Sannan ya faɗa mini abin da ya gano, ko abin da yake ganin ya gano. A tashar Funtua akwai wani mai magani da ke ɗora lasifika a kan mota yana tara jama'a. Gide ya ji shi yana cewa rabin mazan da suka rasa ƙarfinsu wanzaman ƙauye ne suka cuce su, aska ta zarce ta taɓa jijiya tun suna yara. Maganar ta shige shi kamar da shi ake. Wa aka yanka sau biyu? Wa ya zubar da jini har aka fara salati? Na ce masa to 'ya'ya uku fa, daga sama suka faɗo? Ashe ya riga ya shirya amsa. Ya ce igiyar guga in ta sami rauni ba ranar take tsinkewa ba, sai ta yi shekaru tana ɗebo ruwa, ranar da ba ka zato ta bar ka da guntu a hannu.

Dariya ta taso mini, na dubi fuskarsa ta koma. Mutumin da muka ci ƙasa tare ne, ga shi da tumbi da agogo, yana kuka ba sauti. Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar zagin da na yi masa.

"Da sauranta, Sha'ibu, bai kamata in danne ta ba," ya ce. "Ka tahi Damari ka hwaɗa ma tsohonta cewa na..."

Na toshe masa baki da tafin hannuna. Kalmar saki ba a wasa da ita, in ta fita ta fita, ko a bakin gulbi ne, ga ni kuma shaida. Na ce ba zan kai wannan saƙo ba ko zai yanka ni. In rabuwa ce, ya je ya faɗa mata dalili ta zaɓa da kanta. Ya ce da wane baki? Gara ta tafi tana zaton mugu ne da ta zauna tana ganin ba namiji ba ne. Abu ɗaya kawai yake so kafin nan, ya je ya tsaya gaban Baba Nata'ala ya ji daga bakinsa. Na ga yadda muƙamuƙinsa ke motsi, na ce to ƙafata ƙafarsa.

A lokacin tsohon ya koma Faskari wurin babban ɗansa da ya gaji sana'ar, sai dai duk sanyi yana zagayo ƙauyukansa ya yi wa yara kaciya. Gide ya aro Honda, na hau baya na rungume shi, ban bar addu'a ko ɗaya da na iya ba har muka isa. Muka tarar da shi a gindin wata ceɗiya yana yi wa wani Bafulatani ƙaho. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat, amma hannun nan yana nan yadda na san shi, ba ya rawa. Ya ɗago ya ƙare mana kallo, ya yi murmushi.

"Mai-biyu, kai ne ka koma haka? Mota kake tuƙi ko haɗiye ta ka yi?"

Gide bai yi dariya ba. Tsohon ya lura, ya sallami mai ƙaho, ya rataya zabirarsa ya ja mu zaure, ya kori jikokinsa, ya saki asabari. Muka durƙusa muka gaishe shi yadda ya kamata. Sannan Gide ya kwance masa komai, har ya zo kan mai lasifika da igiyar guga. Ni kuwa na shirya raba faɗa, don wanzami ba ya son jarfa, balle a ce masa askarsa ta kashe namiji.

Tsohon bai yi fushi ba. Ya tambayi Gide barcinsa, da abin da yake ci, da ko yana yawan jin ƙishirwa, ya ce lalle ya je asibiti a duba jininsa, don akwai ciwon da zabira ba ta gani. Ya ce tun yana saurayi maza ke zuwa masa da wannan kuka a ɓoye, waɗanda shi ya yanka da waɗanda wasu suka yanka, har da wani da aka yi wa tasa a asibitin Turawa. Wasu ya ba su magani sun tashi, wasu bai yi musu komai ba sun tashi, wasu kuma har yau shiru. Ya ce in ya rantse ya san abin da ke kawo shi ya yi ƙarya.

Wannan bai ishi Gide ba. Ya matsa, ya ce shi ba labarin wasu ya zo ji ba, ranar da aka maimaita masa yake tambaya. Tsohon ya jefa masa tambaya.

"Ita ɗiyar mutane ta sani?"

Gide ya girgiza kai.

"Mi ya hana ka hwaɗa mata?"

"In ce mata mi, Baba? In ce haka kawai na lalace, ba dalili?"

Baba Nata'ala ya jawo zabirarsa ya ɗora a cinya, yana shafa fatar da ta yi baƙi don tsufa.

"To ni ne," ya ce. "Ranar nan hannuna ya zarce. Ka tahi ka hwaɗa mata askar Nata'ala ce, ba kai ba ne, ba ita ba ce. Ka yahe mani."

Na zaci Gide zai tashi da faɗa. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya ja wani dogon numfashi, ya kifa kansa a gwiwa. Da ya ɗago ya ce ya yafe duniya da lahira, ƙaddara ce, ya fita ya tayar da babur. Ni na tsaya neman takalmina da gangan. Na san abin da tsohon ya ɗora wa kansa. Wanzami ba shi da jari sai sunansa, in wannan magana ta shiga kasuwa babu uban da zai sake miƙa masa ɗa, shi da ɗansa duka. Na rage murya na ce, Baba, tsakaninka da Allah, haka aka yi?

"Sha'ibu, kaya in sun yi nauyi gammo ake yi ma mutum," ya ce. "Tahi, shina jiranka."

Ba mu koma 'Yargoje ba, daga nan muka miƙe Damari ta hanyar Dandume. Ana yankan dawa, hanya duk jakuna da damuna. Surukin Gide dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya karɓe mu a zaure, aka kawo fura, ya saurari ban-haƙurin da na tsara tun a kan babur, ya ce shi bai san laifin da aka yi ba balle ya san haƙurin da zai bayar, yarinya ta zo ta yi shiru sai rama take yi. Ya aika a kira ta, shi kuma ya ce zai je ya duba shanunsa.

Barakatu ta shigo lulluɓe da gyale, ta durƙusa daga gefe. Ta gaishe ni, ta tambayi Fatsuma da yara, shi ko kallo bai ishe ta ba. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na yunƙura zan ba su wuri, Gide ya riƙe mini riga. Ya juya fuskarsa ga bango ya faɗa mata, da guntu-guntun magana, kamar mai cire ƙaya daga ƙafarsa. Ya faɗi ciwon, ya faɗi kwanan tasha, ya faɗi askar Baba Nata'ala da yadda tsohon ya amsa da bakinsa, har da asibitin da ya ce ya je. Ya ƙare da cewa ba zai riƙe ta dole ba, in tana son takardarta babu wanda zai ga laifinta.

Da ta yi magana, ba takarda ta tambaya ba.

"Ke nan ba ni ba ce?"

"Ba ke ba ce."

"Babu wata a Hwantuwa?"

"Wallahi babu."

Sai ta fashe da kuka, irin kukan da mutum ya daɗe yana tarawa. Ni ma na ji idona ya yi zafi, na shiga gyaran hula. Da ta lafa ta share fuska da bakin gyale, ta dube shi a karo na farko, kuma ba kallon tausayi kaɗai ba ne, akwai fushi a ciki.

"Malam, shekara guda ina wanka sau ukku ina zaton wari nike. Na bar sana'ata, na bar dariya. Kai kana ciwo cikin mota, ni ina ciwo cikin ɗaki, katanga babu tsakaninmu sai bakinka. Wanga ya hi mani zahi bisa ga wancan."

Ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce ita mace ce mai jini a jika, ba za ta ce abin da ya rasa ba komai ba ne, rashi ne a gare su su biyu. Amma ba wannan kaɗai ta zo nema daga Damari ba, kuma ba Gide ne zai zaɓar mata tafiya ko zama ba. Za ta koma, da sharaɗi biyu: ya je asibiti kamar yadda Baba Nata'ala ya ce, kuma daga yau in motarsa ta kwana a ƙasar Ƙanƙara, a ɗakinta zai kwana, ko da hira kawai za su yi har barci ya ɗauke su. Game da aska kuwa ba ta ce komai ba, na dai ga ta ɗan dube ni ta kawar da kai.

Ta dawo kafin a gama sussuka. Gide ya je asibiti a Zariya, aka ce sukari ya yi masa yawa a jini, aka hana shi lemo da ƙwaya, aka ba shi magani. Na tambaye shi ko ya yi wa likita zancen kaciyar. Ya ce ya yi, likitan ya duba ya ce shi bai ga wata ɓarna ba. Amma Gide ya ce likita yana wurin ranar? Wanda ya riƙe askar ai ya amsa da bakinsa. Na bar shi, don na ga maganar ita ke riƙe da shi a tsaye. Ya roƙi Alhaji ya bar masa jigilar kusa, odar nan ta dawo tana kuka a bakin gari, dariyar Barakatu ma ta fara tsallako katanga jefi-jefi. Ko ya warke ko bai warke ba, ban tambaya ba kuma ba zan tambaya ba, akwai iyakar abin da ramin kaciya ya halatta wa mutum ya sani.

Sai sanyi ya shigo, aka fara lissafin yaran unguwa da suka isa kaciya, Abdulƙarim na cikinsu. Ranar da na shiga gidan da tef a wuya zan auna yaron don rigar da zai sa in ya warke, na tarar da Gide yana cewa shi ɗansa ba zai shiga rami ɗaya da sauran ba, zai kai shi wurin wani wanzami a Ƙanƙara. A garinmu ba a tsallake wanzamin gida haka kawai. In Gide ya yi, kafin sati kowa zai tambayi dalili, kuma mutanen da suka ƙirƙiro 'yar kudu mai siket ba za su rasa gano sauran ba. Ga shi tsohon bai ba ni izinin kwance abin da ya ƙulla ba. Na tsaya da tef a hannu kamar wawa.

Barakatu tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ta tura yaron waje, ta ce ai ita tun shekaranjiya ta aika wa Baba Nata'ala goro, ya ce yana tafe. Gide ya miƙe, ya ce ta yi hauka ne, mutumin da ya yi masa abin da ya yi masa za ta miƙa wa ɗanta? Ba ta ajiye rariyar ba.

"Malam, askar da ta bari na haihu sau ukku ba ta yi mani laihi ba," ta ce. "Tun a zaurenmu na Damari na gane. Tsohon ga sunanshi ya ara maka ka yahwa, don ka iya zuwa gare ni. To ka iso, ga ka ga ni. A maida ma mai abu abinshi."

Gide ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina naɗe tef, wannan kuwa ya ishe shi amsa. Ina jin ya daɗe da sani a can ƙasan ransa, tun daga Zariya ko ma tun daga Faskari. Ya tsaya a tsakar gida, babu mai lasifika, babu aska, daga shi sai ciwonsa, ga matarsa kuma tana tankaɗe ba ta je ko'ina ba. Can ya shiga rumbun kaya ya ɗauko dagi, ya zagaya bayan zauren kakansa. Shi ya haƙa ramin da hannunsa.

Ranar da Baba Nata'ala ya iso, Gide ya tarye shi tun daga bakin hanya, ya sauke zabirar daga kafaɗarsa ya rataya a tasa, direba guda da agogonsa yana biye da tsoho kamar ɗan koyo. A ƙofar zaure ya durƙusa ya miƙa masa ita da hannu biyu.

"Baba, ga ɗanka nan ciki. Ciwo nawa ne, Allah ya kawo shi. Askarka ba ta da laihi, ni za ka yahe ma."

Tsohon ya karɓi zabirarsa, ya ce wane laifi kuma, a kawo masa ruwan ɗumi rana na yi.

Uba ba ya tsayawa a wurin, don haka ni na riƙe Abdulƙarim a bakin rami, na rufe masa ido da tafina. Aikin bai ɗauki lokaci ba, sau ɗaya, tsaf, aka barbaɗa garin bagaruwa. Yaron ya yi ihu irin na ubansa, gado ba ya ɓuya. A irin wannan rana iyaye maza sukan tafi gona ko kasuwa har a gama, na zaci Gide ya tafi wurin motarsa. Da yamma Fatsuma take faɗa mini ba can ya je ba. Ta shiga kai wa Barakatu kaza ta tarar da su zaune a tabarma ɗaya a ƙofar ɗaki, da rana tsaka, gaban kowa. Lokacin da ihun yaron ya tsallako katanga Barakatu ta damƙe hannunsa, shi kuma bai janye ba.